TSOHUWAR ZUMA: Gawa ɗaya, maƙaryata uku

A wannan fili namu muna kakkaɓe ƙurar tsofaffin finafinan duniya mu ga abin da za mu tsinta a ciki. A wannan watan ƙasar Faransa muka nufa, kuma fim ɗin da za mu buɗe ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Sunansa Quai des Orfèvres, na darakta Henri-Georges Clouzot, ya fito a birnin Faris a watan Oktoba na 1947. Baƙi-da-fari ne, tsawonsa kamar awa ɗaya da minti 45.

Kada sunan ya ba ku wahala. Sunan wani titi ne a bakin kogin da ya ratsa Faris, ma'anarsa gaɓar maƙeran zinariya. A gida mai lamba 36 a kan wannan titi ne hedikwatar 'yan sandan binciken manyan laifuka ta birnin ta zauna shekara da shekaru, har zuwa 2017 da aka mayar da ita wata unguwa. Saboda haka Bafaranshe na wancan zamani da ya ga sunan a jikin fosta, ya san labarin kisa da bincike zai kalla. A Amurka kuwa da suka ga sunan ba zai faɗu a bakinsu ba, sai suka sa masa sunan jarumar, wato Jenny Lamour.

Abin da ya sa na zaɓo shi shi ne mutanen da kisan ya faɗo a tsakiyarsu. Ba attajirai ba ne, ba kuma 'yan daba ba. 'Yan fasaha ne masu cin abinci da dare: mawaƙa, makaɗa, 'yan rawa, masu dabo, masu wasa da karnuka a kan dandamali, mai ɗaukar hoto. Irin mutanen da idan a nan ne sai a taɓe baki a ce 'yan nanaye. Suna barci da hantsi, suna aiki da tsakar dare, kowa ya san sirrin kowa, yau akwai kuɗi gobe babu. Kuma da zarar wani abu ya ɓaci a gari, su ake fara kallo.

Jenny Lamour mawaƙiya ce a gidajen rawa da waƙa. Sunan dandamali ne, sunanta na yanka Marguerite. Suzy Delair ce ta fito a matsayinta. Jenny ta tashi cikin talauci, ta ɗanɗana shi har ya ishe ta, kuma ta rantse ba za ta koma ba. Tana da murya, tana da kyau, ta san tana da su, kuma ba ta jin kunyar yi wa kowane mai faɗa-a-ji fari da ido in dai zai buɗe mata ƙofa. Mijinta Maurice Martineau, wanda Bernard Blier ya fito a matsayinsa, shi ke kaɗa mata fiyano. Ɗan gidan mutunci ne da ya yi karatun kiɗa mai zurfi, ya watsar da komai saboda ita. Ga sanƙo ya fara cin kansa, ga shi ba shi da kuɗi, ga kishi kamar ya kashe shi. Ta ukunsu ita ce Dora, mai ɗaukar hoto da ke da shago a ƙasan gidan da suke haya, wadda Simone Renant ta fito a matsayinta. Tun suna yara ta san Maurice. Ba ta da yawan magana, kullum taba na bakinta, kuma fim ɗin ya nuna, ba tare da ya faɗa da baki ba, cewa abin da take ji game da Jenny ya wuce na ƙawance, ita kuwa Jenny ba ta ma lura ba.

Sai ga bos. Sunansa Brignon, wani tsohon attajiri mai ƙusumbi, mai hannu a kamfanoni har da na fim. Charles Dullin, wanda babban malamin wasan dandamali ne a Faransa, shi ya hau wannan matsayi, kuma bai fi 'yan mintuna a fim ɗin ba amma wallahi sai ka ji kamar ka je ka yi wanka bayan ka gan shi. Sana'arsa ta ɓoye ita ce kwaso 'yan mata ya kai su shagon Dora a ɗauke su hotunan da ba su dace ba. A nan ya haɗu da Jenny, ya ce mata ai irinta ake nema a fim, ta zo su ci abinci su yi maganar kwantiragi.

To, wane ne a cikin masu karanta wannan mujalla bai san wannan tsohon ba? Sunansa ne kawai ke canzawa daga gari zuwa gari. Duk inda aka ce akwai kyamara, akwai yarinya mai son ta fito, to akwai wani mai kuɗi a gefe da ke cewa zai sa ta a fim. Abin da ya burge ni shi ne Clouzot bai mai da Jenny sakarya ba, bai kuma mai da ita 'yar iska ba. Ta san sarai abin da tsohon yake nufi. Lissafinta shi ne za ta karɓi kwantiragin ta bar shi da hamma, don ta saba yi wa maza haka. Tana son mijinta tsakani da Allah. Wayonta ne ya yi mata yawa.

Maurice ya ji labari. Ya je har gidan abincin da aka shirya haɗuwar, ya zazzaga wa Brignon rashin mutunci, ya ce zai kashe shi, kuma ma'aikatan wurin suna ji. Ku riƙe wannan.

Yanzu ga daren da komai ya faru, kuma a nan ne marubutan labari ya kamata su gyara zama. Jenny ta ce wa mijinta za ta je duba kakarta da ba ta da lafiya. Ƙarya ce, gidan Brignon ta tafi. Maurice ya tsinci wata 'yar takarda mai adireshin tsohon, ya gane. Ya ɗauki bindigarsa. Amma da yake mai ilimi ne, sai ya tsaya ya shirya wa kansa shaida tukuna: ya je wani gidan rawa da aka san shi, ya gaisa da jama'a don a gan shi, ya ba da ajiyar kwat da hularsa, sannan ya sulale ta baya ya hau mota. Nufinsa ya yi kisan ya dawo kafin a tashi. Yana isa ya tarar da ƙofa a buɗe, Brignon kwance a ƙasa, wani ya riga shi. Ya fito a guje, sai ya ga wayam, an sace motarsa! Haka ya dinga gudu a ƙafa cikin sanyi yana neman abin hawa, ya isa gidan rawar a makare, shaidar da ya gina duk ta tsattsage.

Ita kuma Jenny ta faɗo shagon Dora tana kuka. Ta ce tsohon ya kai mata hannu, ta rafka masa kwalbar giya a ka, ya faɗi, ta kashe shi. Kuma garin gudu ta manta mayafinta na gashin dila a can. Dora ba ta ce uffan ba, ta tashi cikin dare ta je gidan, ta ɗauko mayafin, ta goge sawun yatsu daga jikin kofuna, kafin ta fita kuma ta sa ƙafa ta shuri gawar. Wannan shurin kaɗai ya gaya maka abin da ta daɗe tana haɗiyewa duk lokacin da tsohon ya shigo shagonta da kuɗinsa.

Kun ga yadda aka ɗaure kullin? Mutum uku sun shiga gida ɗaya a dare ɗaya, kowa da lokacinsa. Jenny ta yi imani ita ta yi kisan, tana ɓoye wa mijinta don kada ya san ta je. Maurice bai kashe kowa ba, amma shi ne ya yi barazana a gaban shaidu, shi ke da bindiga, shi ke da shaidar ƙarya, kuma yana ɓoye wa matarsa cewa ya je. Dora ce kaɗai ta san sirrin su biyun, domin kowannensu wurinta ya kai kukansa, ita kuma ta kulle bakinta ta hana kowa sanin na ɗan'uwansa. Babu mugu a cikinsu. Kowa ƙarya yake yi don ya kare wanda yake so, kuma kowace ƙarya sai ta ƙara matse igiya a wuyan wanda ake son karewa. Mai kallo ya san kusan komai, saboda haka fargabarsa ba ta wa ya yi kisan ba ce. Fargabarsa ita ce yaushe ɗan sanda zai gano, kuma wa zai fara kamawa.

Sai fim ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku sannan ɗan sandan ya bayyana. Sufeto Antoine ke nan, wanda Louis Jouvet ya fito a matsayinsa, kuma a ganina yana cikin 'yan sanda mafi kyau da aka taɓa sakawa a fim. Ba jarumi ba ne mai faɗa da mutum goma. Dattijo ne dogo, mai gajiya a fuska, mai baƙar magana, kwat ɗinsa ta tsufa, albashinsa bai taka kara ya karya ba. Ya yi aikin soja a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, kuma abin da ya dawo da shi biyu ne: zazzaɓin cizon sauro, da wani yaro baƙar fata, ɗansa, wanda yake reno shi kaɗai. An tashe shi da tsakar dare a kan gawar Brignon, kafin ya fita sai da ya leƙa ya ga yaron yana barci. Duk tsawon binciken, rabin hankalinsa na kan jarrabawar yaron nan ta makaranta. A fim ɗin Turawa na 1947, a nuna Bature yana sumbatar goshin ɗansa baƙi, kuma shi ne abu mafi daraja a rayuwarsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda Antoine ke bincike shi ne darasin. Ba mafarki ya yi ba, ba wanda ya laɓe a bayan labule ya jiyo mai laifi yana ba da labarin laifinsa da ƙarfi shi kaɗai a ɗaki. Ƙafa ya sa. Ya je gidan rawar ya tambayi mai ajiyar kaya, ya tambayi na bayan dandamali, ya lissafa mintuna. Ya shiga shagon Dora kamar mai son a ɗauke shi hoto, yana hira yana kallon gashinta. Aka nemo direban tasin da ya ɗauki wata mace mai farin gashi daga unguwar a daren, aka jera mata masu irin gashin a ofis aka ce ya nuna. Tsohon direban nan ba ya son ya tona wa kowa asiri, sai da aka yi masa barazana da lasisinsa, ya nuna Dora yana ba ta haƙuri. Akwai kuma inda Antoine, a gidan su Maurice, ya ɗauki wata takarda don ya kunna lofensa, ashe takardar nan ce mai adireshin mamacin. Kana kallo wuta na cin babbar shaidar da yake nema a hannunsa, numfashinka ya tsaya. Babu kiɗan tsoro, babu ihu.

Na san za a ce ai su suna da kuɗi da kayan aiki. To a nuna mani kuɗin da aka kashe a wannan fitowar: takarda ɗaya, ashana, da fuskokin mutum uku. Matsalar yawancin finafinanmu da suka taɓo kisan kai, kuma mun gaje ta ne daga na Indiya, ita ce ɗan sanda ba ya zuwa sai an gama komai, ya zo da ankwa ya tafi da wanda kowa ya riga ya sani. Ba a ba shi gida ba, ba a ba shi ciwon kai nasa na kansa ba, ba a ba shi aikin yi ba. Kaki kawai aka ba shi, shi ma sau da yawa ba daidai jikinsa ba.

Wani abin da masu shirya fim a ƙarƙashin hukumar tace finafinai za su so su gani: akwai inda Maurice ya dawo gida a fusace, Jenny ta tare shi da kwarkwasa don ta sauke shi. Ya nufo ta, sai kyamara ta bar su ta koma kicin, inda madara ke tafasa a kan wuta har ta yi kumfa ta zube. Shi ke nan. Babba ya gane, yaro ya ga madara. Haka kuma a farkon fim ɗin, waƙa ɗaya tak aka yi amfani da ita aka gabatar da kowa: an fara ta a ofishin mai sayar da waƙoƙi ana gwaji, ba a yanke ta ba aka ci gaba da ita a wajen atisaye, aka ƙarasa ta a kan dandamali gaban jama'a. Kafin waƙar ta ƙare ka san wace ce Jenny, ka san ciwon mijinta, ka san Dora. Waƙar tana tura labari gaba. Ba a tsayar da fim aka tafi gindin bishiya aka canza kaya sau bakwai ba.

Fim ɗin bai yi wa 'yan sanda kwalliya ba. Ofishinsu cike yake da hayaƙin taba da ƙarar tafireta, ana sanyi har kowa na aiki da kwat a jiki, domin labarin a watan Disamba na 1946 yake, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, komai na wuya. 'Yan jarida na zaune a baranda suna jiran nama. A daren Kirsimeti suka tsare Maurice, suka yi masa taron dangi da tambayoyi, wannan ya saki wancan ya kama, kowa na sauri ya rufe fayil ya tafi gida wurin iyalinsa. Mutumin da bai taɓa kwana a bayan kanta ba, ga shi ya gano matarsa ta je gidan tsohon. Ya fasa gilashin agogonsa ya yanke jijiyar hannu. Wata mata da aka tsare a ɗakin da ke kusa, wadda suke ta hira ta jikin bango, ita ta ga jini na gangarowa ta ƙasa ta kwarma ihu. Da ba don ita ba da an rufe fayil da sunan marar laifi.

Shi kansa daraktan ya san ɗacin a yanke maka hukunci kafin a saurare ka. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, Clouzot ya yi aiki da Continental Films, kamfanin da Jamusawa suka kafa a Faris. A 1943 ya yi masu wani fim mai suna Le Corbeau, wato hankaka, a kan wani ƙaramin gari da wasiƙun tonon asiri marasa sa hannu suka hargitsa. Kowane ɓangare ya tsani fim ɗin. Da aka kori Jamusawa sai aka ce ya zubar da mutuncin Faransa, aka hana nuna fim ɗin, shi kuma aka haramta masa sana'ar har abada. Manyan marubuta da daraktoci irin su Jean Cocteau da René Clair da Jean-Paul Sartre suka sa baki, aka rage hukuncin zuwa shekara biyu. Duk wanda ya ga yadda aka dakatar da harkar fim a Kano a ƙarshen 2000, da kuma abin da ya biyo bayan 2007, ya san halin da mai sana'a ke shiga idan aka ce ya ajiye kyamara. Quai des Orfèvres shi ne fim ɗin da Clouzot ya dawo da shi bayan shekara huɗu. Ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Venice a Italiya a shekarar, kuma sama da mutum miliyan 5 suka sayi tikitin kallonsa a Faransa. Daga nan ya yi Le Salaire de la peur a 1953 da Les Diaboliques a 1955. Sai dai fa ba waliyyi ba ne: an san shi da zafin hannu a lokeshin, har marin Bernard Blier ya taɓa yi a wajen ɗaukar wannan fim ɗin don ya samu fuskar da yake so. Wannan kam kada wani darakta ya ce a wurina ya koya.

Labarin daga littafi aka ɗauko shi, Légitime défense, na wani marubuci ɗan Beljiyam, Stanislas-André Steeman, wanda ya fito a 1942. Abin dariyar shi ne lokacin da Clouzot da abokin rubutunsa Jean Ferry suka zauna aiki, littafin ya ƙare a kasuwa, sai suka rubuta daga abin da suka iya tunawa. Kafin kwafi ya iso hannunsu sun yi nisa. A littafin mijin mai zanen hotuna ne, su suka mai da shi makaɗi, suka canza har wanda ya yi kisan. Marubucin bai ji daɗi ba ko kaɗan. Rigimar marubuci da darakta dai ba a kanmu aka fara ba.

Wanda ba ya son a ɓata masa kallo ya tsallake wannan sakin layin. Da Jenny ta ji mijinta na asibiti, ta fito ta ce ita ce, ta buga masa kwalba. Dora ma ta ce a'a, ita ce. Antoine ya dube su duka biyun, domin ya san abin da ba su sani ba: harsashi ne ya kashe Brignon, kwalba suma kawai ta sa shi. Wanda ya harbe shi wani ɓarawo ne mai suna Paulo, shi ne kuma ya sace motar Maurice a ƙofar gidan. A nan ne nake da ƙorafi. Gaskiya ne an shuka Paulo tun da wuri, satar motar ba daga sama ta faɗo ba, amma duk da haka mutum ne daga waje, wanda ba mu damu da shi ba, aka jawo shi ya ɗauke wa taurarinmu kaya don a tashi lafiya ranar Kirsimeti. Mai son labarin bincike tsantsa zai ji an ɗan yi masa wayo. Abin da ya rage zafin shi ne 'yar maganar da Antoine ya yi wa Dora a ofis bayan an gama, inda ya nuna mata ya gane sirrin zuciyarta tun tuni, bai kuma yi mata gori ba, ya ɗauke ta a matsayin abokiyar rashin sa'a irinsa. Sannan ya ja hannun ɗansa suka fita cikin dusar ƙanƙara.

Jouvet ya rasu a 1951, shekara huɗu kacal bayan fim ɗin, Clouzot kuma a 1977. Suzy Delair ta yi tsawon rai, sai a 2020 ta rasu tana da shekara 102.

Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai ku kun huta, da Faransanci za ku sha abinku, sai dai Jouvet na da saurin baki kuma akwai zaurancen 'yan tasha na Faris da yawa. Sauranmu sai a nemi mai fassarar Ingilishi a ƙasan allo. Kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da shi a faifan DVD a 2003. A kula wajen nema, akwai wani fim na 2004 mai suna 36 Quai des Orfèvres wanda Daniel Auteuil da Gérard Depardieu suka fito a ciki. Shi ma na 'yan sanda ne, amma labarinsa daban, mai kala ne, kuma ba shi muke nufi ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.